Gambar da Na Je Mayarwa a Gozaki

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ana idar da salla, ni da wani abokina mai mota da muka yi jami'a tare. Ya ɗauka yawon ganin amfanin gona za mu. Sai da muka fita gari na gaya masa cewa haƙuri zan je bayarwa, kuma ban tabbata za a karɓa ba.

Ga abin da ya faru. Shekara biyu da suka wuce na yi ta zuwa wani ƙauye kusa da Gozaki, ina naɗar maganar wani dattijo Kirista a waya, kan yadda gidansu ya rayu kafin zuwan mishan. Da maganarsa na rubuta kundin digirina na tarihi, daga baya na mayar da shi ɗan littafi da Hausa, na buga kwafi kaɗan, na aika masa ɗaya. A bangon, da manyan baƙaƙe, na kira kakanninsa arna. Ban yi da mugun nufi ba, a iya sanina. Haka na tarar a tsoffin littattafai, haka na kwafa.

Kwanakin baya na karanta cewa masana tarihin Ingila suna ta gardama kan sunan Angulo-Sakson da suka daɗe suna kiran mutanen ƙasar na zamanin da. Wasu sun ce masu wariyar launin fata sun ɗauke sunan sun mayar da shi tutarsu, a bar shi. Wasu sun ce kalmar aiki ce kawai, kada a sakar wa ɓata-gari. Ban isa in raba musu gardama ba. Amma abin ya sa na koma na saurari duk abin da na naɗa, kuma ko sau ɗaya dattijon bai furta kalmar da na sa a bangon littafin ba. Ana cikin haka 'yarsa, malamar firamare, ta turo saƙo: Baba yana son ganinka kan littafin nan. Ga shi ina shirin sake bugawa. In ya ce in cire maganarsa, babu littafi, kuma ba ni da bakin musu.

A Bakori muka tsaya shan koko. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai suyar ko na jarirai ne, ta ce ya je ya tambayi mai wake. Kaka ta shigo sosai. An shanya masara a gefen kwalta, fara da ja, direbobi na kauce mata fiye da yadda suke kauce wa mutane. Dawa ta sunkuyar da kai, audugar wasu gonakin ta fara fashewa. Na ba abokina labarin gardamar, yana tuƙi yana cewa Turawa ƙoshi ke damunsu, kuma ni karatu ya sa mini tsoron inuwata, ai kowa haka yake faɗa. Na ce wataƙila. Amma na tambaye shi ko zai iya faɗin kalmar a zauren mutumin, yana cin tuwonsa. Sai ya ƙara sautin rediyo.

A Malumfashi muka sayi sukari da sabulu da burodi, muka sha fama da 'yan keke a bakin kasuwa. Daga nan hanya ta fara lalacewa. A Gozaki muka ajiye motar a inuwar wani shago, muka hau babura biyu ta cikin gonaki, ganyen dawa yana marin mu.

Malamar ce ta tare mu a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ta ja ni gefe ta ce kada in damu: idon Baba ya yi rauni, ita ta karanta masa littafin, kuma duk inda ta zo kan kalmar sai ta ce “kakanninmu”. Ita ta ji zafi, ba ta ɓoye mini ba, amma shi bai sani ba, don haka in yi shiru kawai. Gaskiya na ji daɗin wannan ƙofa da ta buɗe mini, kuma na kusa bi ta cikinta.

Muka same shi a gona, zaune kan kututture yana kallon masu karyar masara. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen Funtuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Sai na ji ba zan iya ba. Na faɗa masa abin da na rubuta, da abin da 'yarsa ta rufe.

Ya yi dariya har da tari. “Malam, ƙananan baƙaƙe ne suka guje ni. Manyan ina ganinsu. Ranar da aka kawo shi na karanta bangon.”

Ya ce ya bar 'yarsa ta yi dabararta ne don ya ga tausayinsa take ji. Na tambayi dalilin da bai kira ni tun bara ba. Maimakon amsa, sai ya tashi ya kai ni bakin gonar, ya nuna mini layin gamba da ya raba shi da maƙwabcinsa, wani Alhaji. Ya ce a nan in garmar mutum ta ci iyaka, ba a tayar da magana da damina, ana bari a girbe, ƙasa ta fito fili. Sannan wanda ya ci ba haƙuri yake bayarwa da baki ba. Shi zai zo da hannunsa ya dasa gambar inda take tun farko, a gaban mai gonar, shi ke nan an gama, ba a sake tayarwa.

Na tambaye shi ko in sa Maguzawa. Ya ce mutanen gari ke kiransu haka, mahaifinsa yana amsawa a kasuwa, wasu 'yan uwansa ma har yau suna son sunan, amma a gida bai taɓa jin tsohon ya kira kansa da shi ba. “Rubuta yadda na gaya maka. Hausawa ne, gidan Sarkin Noma, masu bin addinin kakanni. In za ka faɗi abin da ake kiranmu, faɗi wanda ya kira.”

A zaure aka kawo littafin daga akwatin da yake ajiye Littafi Mai Tsarki. Malamar ta ba ni jan biro na gyaran jarrabawa, kuma ina zargin da gangan ta zaɓe shi. Na bi shafi-shafi ina sokewa ina rubutawa, shi yana zaune yana gyangyaɗi, abokina yana ƙirga mini. Wuri goma sha huɗu. Da na gama aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, abokina ya yi ƙari biyu bai ce uffan kan ƙoshin Turawa ba. Da za mu tafi Baba ya ce in buga, amma in kawo masa sabon da kaina, kuma bangon ya zama da manyan baƙaƙe.

Mun iso Funtuwa ana kiran magariba, da rabin buhun masara a but ɗin mota da jan tawada a yatsuna. Ban ce na warware gardamar masana ba, tasu ko tamu, kuma mai yiwuwa wani dattijon a wani ƙauyen ya ba ni wata amsar. Abin da na koyo kaɗan ne: na yi wata uku ina yi wa mutum tambayoyi, ban tambaye shi sunan mutanensa ba. Rabona da barci mai daɗi tun ranar da saƙon nan ya shigo, sai daren nan.