Rajistar Da Muka Buɗe Da Damina

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, ni ne sakataren kulob ɗin ƙwallon unguwarmu a Makera. Kada ku ɗauka wani babban muƙami ne. Aikin bai wuce ɗaukar tebur da benci zuwa bakin fili ba, da rubuta sunayen 'yan wasa, da shan zagi idan ƙwallo ta ɓata. Amma ni a lokacin ji nake kamar da ni aka kafa jihar. Har 'yar jaka nake ratayawa.

Kulob ɗin ya girme ni. Ma'aikatan masaƙun Kakuri ne suka kafa shi tun masaƙun na aiki, kuma na tashi na tarar da kowa a ciki: mu mutanen kudancin jiha, Hausawa, Yarbawa, Ibo. Kocinmu ma wani dattijon makanike ne ɗan Ibo mai gareji a Kakuri, wanda in ya fusata sai ya cakuɗa Hausa da Turancin buroka a numfashi ɗaya. Golanmu kuwa abokina ne na ƙuruciya, Bahaushe, tela. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, mahaifiyata ma ba ta bambanta mu wajen aike ko wajen faɗa. Dogo ne siriri, ga surutu. Daga cikin raga yake koya wa kowa wasa, har da alƙalin wasan.

Duk wanda ya san garin nan ya san rikicin da ya auka masa, ba sai na tono ba. Bayan hankali ya kwanta, mutane suka riƙa sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa. Iyayen abokina suka koma arewacin kogin da ya raba garin biyu, wasu kuma daga can suka dawo ɓangarenmu. A kulob ba a yi faɗa da kowa ba, ba a kori kowa ba. Da farko abokina da sauran da suka tashi suna tsallako gada su zo atisaye. Daga baya zuwan ya koma na ranar wasa kawai. Sai aure ya shigo, sai shago, sai wahalar mota. Wata shekara dai muka duba muka ga babu ko ɗayansu a cikinmu.

Wata rana na shiga gari sayen yadi, sai na biya shagonsa. Bayan ya gama yi wa tumbina dariya, na tambaye shi dalilin da suka yar da mu. Ya ce ba yarwa ba ce. Mu ne muke buɗe rajista a ƙarshen damina, mu yi abinmu tsakaninmu cikin 'yan kwanaki mu rufe, kafin labari ya tsallaka kogi an gama. Ya ce shi da wasu tsofaffin 'yan wasanmu har yanzu suna hirar filin Makera, don inda suke bugawa yanzu bayan wata makaranta ne, ba gasa ba komai, sai dai a yi gumi a watse. Da zan tafi ya ce, "Ku ba mu lokaci mana, Sakatare. Ka ga ko ba za mu zo ba."

Da wannan magana na koma gida, kafin in sauka daga bas har na gama tsara komai a kaina. Ranar taron kwamiti a garejin koci na kawo shawara biyu. Ta farko, mu buɗe rajista tun tsakiyar damina, lokacin da fili ke cike da ruwa babu mai wasa, watanni kafin a fara gasa. Ta biyu, wanda ya riga zuwa shi ne da gurbi, a daina ajiye wa ƙanin wane da surukin wane. Wannan ta biyun na kawo ta ne don masu shirya gasar yankinmu akwai iyakar sunayen da suke karɓa daga kowane kulob, kuma kowace shekara sai an zarge ni da son kai. Koci ya tambaye ni wane mahaukaci ne zai zo rubuta suna cikin ruwan sama, ya ƙara da cewa sauri kan haifi nawa. Na ce masa ai da sanyin safiya ake kama fara. Aka yi dariya, aka amince, na fito ina jin kaina mai hikima.

A ranar na kira abokina. Ya yi murna ƙwarai, amma ya ce Babbar Sallah ta ƙarato, ɗinki ya yi masa tsibi, ko ɗaga kai daga keke ba ya iya yi. Da an yi Sallah zai tattaro sauran su zo. Na ce masa babu damuwa, lokaci har ya yi yawa. Ban ambaci dokar wanda ya riga zuwa ba, don ban ga amfanin ambatarta ba. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki gurbi bai taɓa cika da wuri ba. Mu ne ma muke bin mutane gida muna roƙo.

Abin da hikimata ba ta hango ba shi ne, a duk kudancin kogi mu kaɗai ne muka buɗe. Ɗalibai suna dogon hutu, samari da yawa ba aikin yi, sauran kulob-kulob kuma duk suna barci. An yi sanarwa a coci, an tura a gurup ɗin unguwa na waya. Asabar ta farko na ajiye teburina a barandar makarantar firamare da ke bakin fili, ana yayyafi, na zo da jarida don in kashe lokaci. Ban ko buɗe ta ba. Layi ne har waje. Daga Sabon Tasha, daga Kakuri, wasu har daga Rido a kan mashin, riguna a jiƙe. Koci ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce yau kam Oga Sakatare ya ci shi. Ba a jima ba gurbi ya cika taf.

Kuma ba masu rubuta suna su ɓace ba ne. Da kansu suka haƙa kwata suka janye ruwan filin, suka ciko yashi a baro suka cike ramuka, suka fara atisaye cikin taɓo tun ba a ce su fara ba. Cikinsu akwai wani gola, magidanci ne daga Rido, mai aikin ƙarfi a kewayen matatar mai. Daga wurin aiki yake wucowa fili kai tsaye, bai taɓa fashi ba.

Ba mantawa na yi da abokina ba. Kullum na rufe jaka sai ya faɗo mini a rai. Amma na saba ganin mutane suna zamewa bayan ɗokin farko, sai na ce ai kafin Sallah wani zai gaji, gurbi zai samu. Na ce kuma bai kamata in dame shi da wannan magana yana tsakiyar ɗinki ba. Babu wanda ya gaji.

Asabar ɗin bayan Sallah da la'asar, rana ta ɗan fito, ana cikin atisaye, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin fili. Abokina ne ya fara sauka, sannan tsofaffin 'yan wasanmu da suka biyo shi, duk cikin kayan Sallah, kowa da ledar takalmin ƙwallo a hannu. Koci ya yar da usur ya tafi da gudunsa na tsufa ya rungume su. Abokina ya nufo teburina yana dariya.

"Sakatare, ina alƙalaminka? Ga mu mun zo da wuri yadda ka ce."

Gaskiya ya faɗa. In da lissafin da ne, da sauran lokaci mai yawa kafin ma a yi maganar rajista.

Na ja su gefe na yi musu bayani. Abokina ya fara dariya, yana tsammanin irin wasanmu ne, sai da ya ga fuskata ya daina. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zo tare da shi, wanda a da shi ne mai ci mana ƙwallo, bai ɗaga murya ba. Ya dubi abokina ya ce, "Na gaya maka tun a hanya. Da ma an ce mana kawai ba a buƙatarmu, da ba mu sha wahalar zuwa ba."

Na rantse, na ce saboda su aka buɗe rajistar da wuri, saboda su kaɗai. Ina faɗa ina jin yadda maganar take ƙara muni a kunne. An buɗe saboda su, ga fili cike da baƙin fuskoki, babu gurbi ko ɗaya nasu.

Na je wurin koci na ce dole mu rage wasu. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini golan nan na Rido, wanda a lokacin yake tashi daga ƙasa taɓo har kunne, ya ce in je in zaɓa da kaina, in faɗa wa mutum da bakina, in kuma gaya masa dalili. Wallahi har na ɗaga ƙafa zan tafi. Abokina ne ya riƙe mini hannu, ashe yana bayanmu yana ji.

"Kada ka cire kowa saboda ni," in ji shi. "In ka cire shi na shiga, duk ƙwallon da ta wuce ni sai an tuna da yau."

Sauran ba su ko sha ruwan da aka kawo musu ba, suka tare wani keken suka juya. Shi ya zauna a benci kusa da ni har aka tashi. Mutumin da ba ya iya rufe baki a bakin fili, ranar kallon atisaye kawai ya yi. Sau ɗaya kawai ya miƙe, ya je bayan raga ya nuna wa golan inda ya kamata ya tsaya idan za a bugo kwana. Golan ya yi masa godiya, bai san ko wane ne ba.

Daga nan abokina ya ce sai ya je gidanmu ya gaida Mama. A cikin ledar nan, kusa da safar hannunsa ta gola, ashe akwai ƙullin soyayyen naman Sallah da ya kawo mata. Mahaifiyata ta yi ta murna, ta tambaye shi yaushe za ta sake jiyo ihunsa daga fili, don tun da ya tafi unguwa ta yi shiru. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ɗanki ya zama babban mutum, yanzu sai an bi layi." Ta dube ni, na dubi ƙasa. Bai jira magariba ba ya yi sallama, na raka shi titi ya hau bas.

Da na dawo ta sa na ba ta labarin duka. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce wanda ya gayyaci baƙo shi ke rufe masa tuwonsa kafin a raba wa 'yan gida, sannan ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kakar wasan nan mun yi abin da ba mu taɓa yi ba a gasar. Golan Rido ya zama abin alfaharinmu, kuma mutumin kirki ne, har yau muna gaisawa. Sauran kulob-kulob suka kwaikwayi buɗe rajista da wuri, ana ta cewa dabarar sakataren Makera ce. Ina karɓar yabon ina murmushi, amma ba ya sauka mini daidai.

Da shekara ta zagayo, kafin a yi ko sanarwa na kira shi. Kwamiti ya yarda a ware gurabe musamman don mutanenmu na tsallake. Ya yi mini godiya sosai, ya ce amma sun riga sun kafa nasu kulob ɗin a can, shi ne gola shi ne koci, ba zai iya tara mutane kuma ya watsar da su ba. Muka riƙe guraben har dab da fara gasa. Da babu wanda ya zo, muka ba wasu.

Ba mu ɓata ba. Muna waya, kuma da mahaifiyata ta rasu yana cikin waɗanda suka fara isowa. Bai taɓa tayar mini da maganar ranar nan ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tayar da ita ba. Abin da na fahimta tun daga lokacin shi ne, dokar da ta ce kowa ya bi layi tana da kyau, amma na kusa da ƙofa take yi wa aiki. Wanda zai hau mota biyu ya tsallako gada, ya kuma danne abin da ke ransa kafin ya zo, ba layi ɗaya yake da wanda ya fito daga bayan makaranta ba. Kira ɗaya a waya da ya isa. In rubuta sunansa, ya zo ya sa hannu bayan Sallah. Na tsaya jiran wani ya gaji.

Yanzu na bar sakatare, ɗana ne yake buga wa kulob ɗin. Na ji ɗan abokina ma yana tsaron raga a can wurinsu, wai har ya fi uban tsawo. Sa'annin juna ne, gari ɗaya suke, ƙwallo ɗaya suke so. Kwanan baya na nuna wa ɗana hotonsa a waya, ya duba ya ce daga gani zai iya kamu, sannan ya tambaye ni a wane gari yake.