Binnen bana, babu Yaya Sabo

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, Allah Ya jiƙansa. Bana na fi jin rashinsa, kuma gonarmu ta Kademi ce ta jawo.

Yaya ya yi aiki a ofishin hasashen yanayi can bakin teku. A gida tsokanarsa ake yi: ɗan Gaya da ko iyo bai iya ba, ina shi ina teku? Shi kuwa sai ya ce damunarmu daga can take tasowa, iskar teku ce ke koro mana hadari.

Ya taɓa yi mini bayani da kwanon sha. Tauraron ɗan'adam, in ji shi, yakan aika sigina kan teku ta dawo masa, daga yamutsewar fuskar ruwan yake gane ƙarfin iska da inda ta dosa. Ya hura kwanon, ruwan ya yi layi-layi. Sannan ya yayyafa ruwa da yatsunsa, layukan suka hargitse. "Ka gani? In ana ruwa a teku, na'urar ruɗewa take yi. Daidai lokacin da muka fi buƙatarta take makancewa."

Mu a gidanmu binne muke yi, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Baba ba ya taɓa iri sai ya kira shi. Wata shekarar ya ce a yi, wata shekarar ya ce, "Baba, teku ta rufe mana ido, a dakata." Baba ya yi ta faɗa, amma ya dakata ɗin.

Yau kowa da hasashe a wayarsa, kuma wallahi ban taɓa ganin waya ta ce ba ta gani ba. Habibu ɗan Yaya, da gonar ke hannunsa yanzu, ya duba waya ya ga za a yi ruwa kwanaki a jere, ya binne irin geronmu kaf. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, sama ta washe garau. Ko laifin na'urar ne, ko tuni an gyara ta, oho. Da Yaya na nan da ya gaya mana.

Bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bar mana shi ne mutum ya faɗa in bai gani ba, mu kuwa ba mu riƙe ba. Abin na ci mini rai.

Tsiron ya fara murɗewa. Jiya Habibu ya same ni a bakin rumbu. "Baffa, in ya mutu, geron cinmu za mu sussuka mu sake shukawa?"

Na leƙa ciki. Ko ba a taɓa shi ba, ba zai kai yaran nan kaka ba.