Riga Ya Saya, Ba Ƙafa Ba

Muna gaban 'yan Duza da ci ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, lokaci ya kusa cika, sai kocinmu na Gwashi ya fitar da Bube.

Bube fa! Mai tsaron bayan nan da in ƙwallo ta zo mishi yake aika ta cikin gonar dawa, a yi ta nema har yaranmu su huta. Da haka muke riƙe ci tun ana wasa ba takalmi.

Wa ya shiga madadinsa? Ɗan Alhajin da ya saya wa ƙungiya riguna.

Na dogara sandata har wurin kocin. "Kai Lawwali, mi kake yi haka?"

Ya rage murya. "Baba, Alhaji na zaune yana kallo. Kunya nike ji."

Na ce, "Riga ya saya muku, ba ƙafa ba!"

Ban koma mazaunina ba sunka rama, ta gefen yaron. A bugun fenariti sunka fidda mu.

Da aka tashi, Alhajin da kansa yake tambaya, "Wai don mi anka cire Bube?"

Ku faɗa mini, jama'a, yaushe kunya ta fara tsaron gida?