Rahoton da Injiniya Ta Ƙi Rubutawa

Kowa Injiniya yake ce mata, ko da yake ba ta taɓa riƙe sifana ba. 'Yar tela ce, kuma a bayan shagon mahaifinta ta fara taɓa kwamfuta, wata tsohuwa da maƙwabcinsu zai jefar. Ta yi karatu, ta shekara bakwai tana rubuta manhaja a wani banki, har ta gaji da kujera ɗaya ta ajiye aikin. Daga nan ta koma ba kamfanoni shawara. Idan manhaja ta rikice wa kamfani, ma'aikata suka kasa gane kanta, ko suka gane amma ba mai bakin faɗa wa shugaba, sai a ɗauko Injiniya. Ta zauna mako biyu, ta duba, ta yi tambayoyi, ta rubuta abin da ta gani, ta kama gabanta. Mace ce mai zafin rai. Mijinta yakan ce idan ta shigo ta dungurar da jaka, to yau wani darakta ya ji a jikinsa.

Wata rana wani mai kamfanin kai saƙo ya kira ta. Motocinsa goma sha ɗaya, rassansa huɗu, kuma kayan mutane sai ɓacewa suke yi: yau keken ɗinki, gobe kwalin magani, jibi takardun makarantar wata yarinya. Ya karɓe ta a ofishinsa na bene, inda sanyin na'ura ke kaɗa labule.

"Matsalar ba ta da nisa, Injiniya," in ji shi. "Tana nan ƙasa, a teburin farko. Ki sauka ki gani da idonki."

A teburin farko Goggo ce ke zaune. Haka direbobi ke kiranta, don ta girmi mafi yawansu. Shekararta goma sha tara tana karɓar kaya a wurin. Ga kwamfuta a gabanta, ga sikeli, ga wani littafi mai baƙin bango da gefensa ya lauye saboda buɗewa. Duk kayan da ta shigar a kwamfuta, sai ta sake rubuta shi da biro.

"Goggo, wannan wahalar fa?"

"'Yata, wannan abin yana haɗiye kaya," ta nuna kwamfutar da bakin biro. "Sau uku ina hawa bene ina faɗa. An ce tsufa ne."

Injiniya ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Kwana huɗu tana gwada littafin da abin da ke cikin manhajar, har ta kama zaren. Idan rassa biyu suka shigar da kaya a minti ɗaya, manhajar sai ta ba su lamba ɗaya, na biyu ya goge na farko. Kayan na nan a sito, amma a kwamfuta babu shi, don haka ba motar da za ta ɗauka. Ta sa aka buɗe sito, suka bi littafin Goggo layi layi. Aka samu kwali talatin da shida a jibge bayan tsofaffin tayoyi, har da keken ɗinkin.

Ta hau bene da murnarta. Mai kamfani ya saurara fuska a murtuke.

"Manhajar nan ƙanin matata ne ya yi ta," ya ce. "Ba ta da laifi. Littafin tsohuwar nan ne ke rikita mana aiki. Abin da nake so ki rubuta kenan, don in nuna wa abokan haɗin gwiwata. Idan daga bakin ƙwararriya ya fito, ba mai gardama."

Injiniya ta dube shi.

"Yallaɓai, ashe wuƙa ka ɗauko, ba mai shawara ba? Matar da ta tsare maka mutunci da bironta, ita kake so in shafa wa kashin kaji?"

"Ni na kira ki fa."

"Ka kira ni in gano inda kaya ke shiga, na gano. Gyaran bai fi aikin yini biyu ba. Tsoron ka ɓata wa surukinka rai ne ya hana ka, shi ya sa ka zaɓi wadda ba ta da kowa a saman benen nan."

Ya nuna mata ƙofa. Ta koma gida ta rubuta rahotonta yadda ta ga abin, shafi shida, ta aika masa, ta aika wa abokan haɗin gwiwar. Duk suka yi kunnen uwar shegu. A ƙarshen watan aka sallami Goggo, wai ba ta iya tafiya da zamani ba.

Kaya kuwa suka ci gaba da ɓacewa, yanzu ma ba littafin da za a bi a nemo su. Bayan wata uku aka ɗauko wani mai ba da shawara daga nesa, mai kwat da farin gilashi. Ya yi mako guda, ya faɗi abin da Injiniya ta faɗa ba ragi ba ƙari, aka tafa masa, aka gyara. Ba wanda ya tuna da Goggo.

Da wani direba ya ba ta labari a waya, Injiniya ta yi ta kai da komo a tsakar gida tana faɗa ita kaɗai, har ƙaramar 'yarta ta leƙo tana tambaya da wa Mama ke rigima. Washegari ta nemi gidan Goggo, ta same ta tana shanya wanki. Ta kai ta wani babban kantin magani da ta taɓa yi wa aiki, ta ce wa mai kantin, "Ga wadda za ta riƙe maka sito. Idan kwali ɗaya ya ɓata, ni za ka kira." Ya ɗauke ta a ranar.

Har yanzu Injiniya tana sana'arta, sai dai ta ƙara tsauri. Kafin ta buɗe kwamfutarta a kowane kamfani, takan dubi shugaban ido cikin ido ta tambaye shi ko akwai wanda ya riga ya yanke shawarar korarsa. Wasu sukan yi dariya. Biyu sun fasa ɗaukarta nan take, ita kuma ba ta ko waiwaye su ba.