Tafin Hannun Inna

Shekarar da na cika talatin na ɗauki hutun mako biyu a kamfanin kuzar da nake wa akawu a Jos, na hau jirgin ƙasa na zo Kano. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Na ce wa abokan aiki hutawa zan je in yi. Ƙarya nake yi, wani bango nake so in gani.

Gidan da aka haife ni yana wani lungu kusa da Ƙofar Mata, inda warin marina ke bin mutum har cikin riga. Inna ta rasu ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kawuna ya tafi da ni Jos. Da Baba ya rasu, yayyena suka sayar da gidan aka raba gado, ni kuwa sai a wasiƙa na ji. Na yi fushi, na ce ba ni ba unguwar nan har abada. To amma fuskar Inna ta fara ɓace mini. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, in na rufe ido sai in ga zanenta da ɗankwalinta, fuskar babu. Abu ɗaya na san ta bari. Wata shekara da aka yi wa ɗakinta yaɓe, na manna hannuna a ɗanyen bango bayan ƙofa. Na zaci duka zan sha, sai ta yi dariya ta manna nata a saman nawa. Ƙaramin yatsanta a karkace yake tun wata tsohuwar karaya, haka kuma ya fito a bangon.

Wanda ya sayi gidan wani Alhaji ne mai fataucin goro, yana kuma saukar da baƙi a ɗakunan waje. Na same shi a zaure, muka gaisa.

"Malam daga ina?"

"Daga Jos, Alhaji. Masauki nake nema na mako biyu."

"Kana da kowa a birni?"

"Ba ni da kowa."

Har yau ina jin wannan amsa a bakina kamar ɗacin maɗaci. Girman kai ne kawai. Ga agogo a hannu, ga takalmin Turawa, sai in buɗe baki in ce ni ɗan gidan nan ne da muka kasa riƙe gidan ubanmu? Na ce a raina bari mu saba tukuna, in ya so na faɗa masa a tsanake.

Ya ba ni soron da ke saman zaure, inda Baba ke ajiye littattafansa. Alkukin fitila yana nan da baƙin hayaƙinsa. Tagar da ke kallon tsakar gida kuwa an toshe ta da ƙasa, kuma daidai ne, don ba a barin baƙo namiji ya hangi matan mutane. Baƙo iyakarsa zaure. Na san wannan tun ina yaro, na sha ganin Baba yana tsayar da manyan mutane a nan, ban taɓa zaton wata rana ni za a tsayar ba.

Haka na yi ta yawon banza kamar Baturen da ya zo kallon gari. Na hau Dala, na zaga Kurmi ban sayi komai ba, na tsaya a marina ina kallon masu rini sai ka ce ban taɓa ganin shuni ba. Da yamma a aiko mini da tuwo a akushi da ruwa a ƙwarya. Ruwan rijiyarmu ne, da ɗan gishiri-gishirinsa. Ranar farko da na kurɓa sai da na ajiye ƙwaryar na yi kuka. Tsakanina da ɗakin Inna taku ashirin ne, bai fi ba. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa, in sauko in tarar da Alhaji cikin mutane ana kwance huhun goro, in gaishe shi in wuce.

A kwana na takwas magina suka zo, su huɗu, da diga da kwanduna. Babbansu ya tsaya a bakin ƙofar ciki ya ɗaga murya: "Gafaranku dai, maza za su shigo!" Suka wuce abinsu, ƙafa duk faso, ni mai agogo ina zaune. Wuni guda ana dukan ƙasa, soron yana girgiza. Na ɗauka katangar baya ake gyarawa, don rani ne, kowa gyara yake yi. Har na leƙo na yi musu tsawa, na ce mutum ya zo hutu an hana shi barcin rana. Suka yi ta fito da ƙasa suna zubawa a filin ƙofar gida, suka jiƙa ta, suka zuba ciyawa, suka tattake da ƙafa. Nakan zauna a dakali ina shan fura ina kallonsu.

Ana gobe zan tafi, bayan la'asar, na sami Alhaji shi kaɗai. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Haba Malam! Haba! Kai ɗan gida ne ka zauna mini a soro kamar baƙo? Ai da ka faɗa tun ranar farko, da na ce mata su shiga ɗaki ka shiga ka ga abinka. Wane ɗakin ne?"

"Na hannun dama, kusa da rijiya."

Ya tashi, ya yi gyaran murya, ya ce in biyo shi. Rijiya tana nan, turmi yana nan. A hannun dama fili ne fetal, an jingine azara a gefe, an ɗaure akuya a wurin da gadon Inna yake.

"Damina ta cinye gindinsa," in ji shi a hankali. "Shi ne aka rushe wancan makon. Wallahi da na sani da na dakatar da su. Ka yi haƙuri."

Da mugu ne da na sami wanda zan zaga, amma mutumin kirki ne, har idonsa ya kawo ruwa. Ba wanda ya yi mini wannan sai ni. Kwana bakwai bangon yana tsaye yana jirana, ina can kan Dala ina kallon rufin gidajen mutane.

Na tambaye shi ina ƙasar ɗakin. Ya ce ai ita ce a ƙofar gida, tsohuwar ƙasa ta fi ƙwari, ba a zubar da ita.

Na fita. An riga an mulmula ta tubali, an jera su a rana layi-layi. Na durƙusa da farar rigata ina juya su ɗaya bayan ɗaya, masu wucewa suna tsayawa suna kallona. Kowane tubali akwai shatin yatsu a jikinsa, na magina, manya-manya, miƙaƙƙu. Na duba har aka kira magariba, ban ga mai karkataccen yatsa ba.