Ranar da Muka Kai Kulob Ɗinmu Zariya

Kulob ɗin ƙwallon unguwarmu na masaƙa ne tun asali. Ma'aikatan da ke buga atamfa a Kakuri su suka kafa shi, kuma a zamanin da injina ke ruri, duk ƙungiyar da za ta shigo filinmu a tsorace take shigowa. Da idona na ga an zaga da kofi a buɗaɗɗiyar mota tun daga Kakuri har Barnawa, mata na rangaɗa guɗa a bakin titi.

Da masaƙar ta rufe, wani Alhaji ɗan kwangila ya sayi kulob ɗin. Mun yi murna da farko. Ashe mutumin ko wasa ɗaya ba ya iya zama ya kalla har a tashi. Duk ɗan wasan da ya fara haskawa sai ya sayar da shi, ya cike gurbin da 'ya'yan abokansa. Ƙanin matarsa ya naɗa manaja. Cikin tsofaffin hannu kocinmu kaɗai ya rage, wani dattijo mutumin Kagoro da ya tsare mana raga a shekarun kofi. Baba kowa ke ce masa.

A shekarar da nake magana, ina tuƙa motar haya. Wasan ƙarshe na kaka ya faɗo ranar Asabar a Zariya, mun kuma riga mun faɗa rukunin ƙasa, ko mun ci ko ba mu ci ba. Da hantsi na biya filin don in yi wa 'yan wasa fatan alheri, sai na tarar da su zaune a kan jakunkunansu, babu bas. Baba ya kira manaja, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Baba, bas ta tafi ɗaukar 'yan biki, yau ake kai 'yar Alhaji," in ji manajan. "Ku haƙura da wasan nan mana, ai an riga an faɗi."

Baba ya kashe wayar, sannan ya ce, "Tun da aka kafa kulob ɗin nan ba a taɓa busa usur babu mu a fili ba. Ba a hannuna za a fara ba."

Akwai wani bakanike Ibo daga Sabon Tasha, wanda ba ya fashin kallon atisaye. Shi ya fara magana. "Baba, akori-kurata na gareji. A zuba kaya da masu ganga." Ni ma na ji bakina ya ce motata za ta ɗauki masu tsaron baya. Baba ya kira matarsa, ba a jima ba sai ga bas ɗin zumuntar mata ta cocinsu, da matan a ciki, sun ci anko, riƙe da tulunan kiɗa. Shugabarsu ta leƙo ta taga ta ce, "Mun ba da mota, amma fa da mu za a je."

Haka muka haye gada a jere. Wajen Jaji akori-kurar ta ɗau zafi, muka tsaya muna fasa ledojin ruwa a lagireto, bakaniken na yi mata faɗa kamar mutum. Muna isa alƙalin wasa na duba agogo. A cikin mota yaran suka sa riguna, ko motsa jiki ba su samu yi ba.

Kafin hutun rabin lokaci aka zura mana ɗaya. Matan zumunta ba su sassauta ba, suka juya waƙoƙin coci suna saka sunan kulob a ciki, masu ganga na amsa musu. Ana dab da tashi muka samu bugun kwana. Kyaftin ɗinmu, wanda gwiwarsa ke naɗe da bandeji, ya taso tun daga baya ya sa wa ƙwallon kai, ta faɗa raga. Ban san sanda na rungume bakaniken ba, hulata ta faɗi, ban ma neme ta ba. Da aka tashi kunnen doki, 'yan kallon Zariya da suka ji yadda muka zo suka miƙe suna tafa mana har muka fita.

Da la'asar sakaliya muka dawo. Baba ya tsaya a bakin fili ya gaisa da kowa hannu da hannu, har direban bas, ya ce wa 'yan wasan kowa ya riƙe rigarsa.

Wannan ne wasa na ƙarshe da aka buga da sunan kulob ɗin. Kafin sabuwar kaka Alhaji ya sayar da gurbinmu ga wani a wata jiha, aka yanka filin fuloti-fuloti. Shaguna ne a wurin yanzu.

Kyaftin walda yake yi a Trikania. Duk sanda na kai masa gyaran salansar motata, sai ya nuna ni ga abokan cinikinsa ya ce, "Wannan direban kulob ɗinmu ne." Ban taɓa gyara masa zancen ba.