Zaren Bahaguwa

Ranar kasuwar Kankia ce, bayan kaka, a shekarar da sanƙarau ya shiga ƙasarmu, lokacin Turawa suna ta matsa wa mutane su kai musu auduga. Ina bin Gwaggo Hassu da ƙwarya a ka, sai ta ja ta tsaya cak a gaban wani dillalin tufafi. Ta duƙa ta kama gefen wani farin ƙyalle, ta zaro silin zare ɗaya da farce, ta murza shi. Ta ce, "Malam, wa ya kawo maka wannan?" Dillalin ya yi dariya ya ce, "Haba Gwaggo, ai ɗanki Ilu ne. Duk shekara yake kawowa, ya ce ke kike aiko shi."

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Sukuntuni, kuma a saƙa ba ta da ta biyu a wajajenmu. Sa'o'ina suna dandali suna gaɗa, ni ina gindin masaƙarta ina gurzar auduga, ina shiɓa, ina miƙa mata alli in yatsunta sun yi gumi. Bahaguwa ce, saboda haka murɗin zarenta baya yake komawa, ko cikin saƙa ɗari za ka gane nata. Gwadon sayarwa daban yake. Audugar ɗan gonarta kuwa ba ta taɓa ta sai da alwala, ita take kaɗawa ta saƙa likkafani domin waɗanda suka mutu ba su da kowa. "Wannan ba na kasuwa ba ne," in ji ta, "na Mai Sama ne." Ba ta so a san hannunta a ciki, shi ya sa take naɗewa ta ba Ilu ya kai wa limamin Kusada, garin da aka haife ta. Ilun nan fa ba ya rasa sahun gaba a masallaci.

Akwai wata tsohuwa baƙuwa a Kusada, Ladi mai tsintar kara, ba ɗa ba jika. Da kunnena na ji Gwaggo ta ce mata, "Kwantar da hankalinki, suturarki tana hannuna." Sanƙarau ya ɗauke Ladi tun farkon shigowarsa.

Daga kasuwar nan ba mu koma gida ba. Gwaggo ta sa ni gaba, muka miƙe Kusada a ƙasa. Liman ya fito zaure, ta gaishe shi, ta tambayi yadda aka yi da Ladi. Ya ce ai tun shekarar farko da aka kawo masa likkafanin bai sake ganin Ilu ba, ya ɗauka ma ta daina ne. Ladi kuwa, da tsummokaran maƙwabta da tsohuwar tabarma aka rufe ta. Gwaggo ta dafa bango. Ban taɓa ganin ta dafa wani abu ba sai ran nan.

Ba ta zagi Ilu ba, ba ta yi masa baki ba. Da ya shigo gaisuwa da safe yana sunkuyar da kai, abin da ta ce kawai shi ne, "Matattu ka yi wa tsirara, Ilu, ba ni ba." Daga nan da kanta take ɗaukar saƙar zuwa Kusada, har ƙafa ta gaza ni na karɓa. Nata likkafanin ma ni ta damƙa wa, ta ce kada in bari Ilu ya taɓa. Ranar da ta rasu yana tsaye a ƙofa yana kuka, na wuce ta gabansa da shi a ƙirjina.

Yanzu likkafani a kanti ake yanko shi, ba wanda ya san hannun da ya yi shi, balle a tambayi ko da alwala. Jikokina suna cewa na cika sa ido, wai ko tuwon sadaka ba na yarda in aiki wani da shi, sai na kai da kaina. Su yi ta faɗa. Na ga inda aike ya bar Ladi.